Adafta, Kwanbata da Taransifoma: Haɗa Kayan Wuta a Ƙasashen Waje

Wutar lantarkin da ke fitowa daga soket ba iri ɗaya ba ce a duniya. Ta bambanta ta fuska uku: siffar ramukan soket ɗin, ƙarfin turin wutar da ake aunawa da bolt, da kuma yawan juyawarta a cikin daƙiƙa ɗaya, wanda ake aunawa da haz. Bambanci na farko ido yana ganinsa, kuma shi ne mai sauƙin magani. Sauran biyun ba a ganinsu, su ne kuma masu ƙona kaya. Adafta tana maganin na farko ne kaɗai. Ƙarafa ne a cikin roba, suna karɓar ƙafafun filogi ta gefe ɗaya su fitar da wasu ƙafafun ta ɗaya gefen. Wutar da ta shiga ita ce wadda za ta fita, ba ragi ba ƙari. Yawancin kayan da matafiya ke ƙonawa a masauki sun ƙone ne saboda an ɗauka cewa tunda filogi ya shiga, to an gama.

Ta fuskar bolt, duniya ta kasu gida biyu. Afirka kusan gaba ɗayanta, da Turai, da yawancin Asiya, da Ostareliya, suna kan bolt 220 zuwa 240, mafi yawansu da haz 50. Najeriya da Gana suna kan 230, Nijar da Kamaru da Cadi suna kan 220, kuma a aikace wannan tazarar ba ta da wani tasiri, domin kayan da aka ƙera wa ɗaya suna aiki da ɗaya. Gida na biyu shi ne Amurka da Kanada, masu bolt 120 da haz 60, sai Meziko mai 127. Japan ta fi kowa ƙasa da bolt 100, kuma ƙasar a rabe take: gabashinta, inda Tokiyo take, haz 50 ne, yammacinta, inda Osaka take, haz 60. Asalin wannan rabuwa tun ƙarshen ƙarni na 19 ne, lokacin da Tokiyo ta sayo injinan wuta daga kamfanin AEG na Jamus, Osaka kuma ta sayo daga General Electric na Amurka. Kowane gari ya ci gaba da gini a kan abin da ya saya, har gyara ya gagara.

Saudiyya, inda dubban alhazai da masu Umara ke zuwa kowace shekara, tana da nata tsarin. Wutarta haz 60 ce irin ta Amurka, amma bolt ɗinta ya koma 230. Kafin haka gidaje da yawa suna da 127 da 220 a gini ɗaya, wani lokaci ma a ɗaki ɗaya. A 2010 gwamnatin ƙasar ta yanke shawarar komawa 230 sannu a hankali, saboda haka sababbin otal na Makka da Madina ba su da wannan matsala, amma a tsofaffin gine-gine har yanzu ana iya cin karo da soket mai 127. Alamarsa ita ce butar lantarki ta daɗe ba ta tafasa ba, dutsen guga kuma ya tsaya a ɗumi. Barazil ma haka take, birnin Brasilia 220, Rio de Janeiro 127, kuma soket ɗin siffa ɗaya.

Su kuwa filogi, an saba kiran nau'o'insu da haruffa daga A zuwa O, iri goma sha biyar ke nan, amma matafiyi daga Afirka ta Yamma ba ya buƙatar haddace su duka. Wanda aka fi sani a Najeriya da Gana shi ne nau'in G, mai ƙafa uku masu kusurwa, gadon Ingila. An fito da shi a 1947, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma yana da abubuwa biyu da suka bambanta shi da saura: fis a cikin filogin kansa, da ƙyaure a ramukan soket wanda ba ya buɗewa sai doguwar ƙafar sama ta shiga. Shi ake amfani da shi a Ingila, Ayalan, Hadaddiyar Daular Larabawa, Katar, Maleshiya, Singafo, Kenya da Yuganda, kuma shi ne Saudiyya ta tsayar a hukumance. Ma'ana, ɗan Kano da ya sauka a Jidda ko Dubai ko Landan galibi ba ya buƙatar adafta ko kaɗan, in dai filoginsa mai ƙafa uku ne.

Wanda ya tsallaka daga Katsina zuwa Maraɗi kuwa ya shiga wata duniya, ko da yake tafiyar ba ta kai ta yini ba. Nijar da Kamaru da Cadi sun gaji tsarin Faransa, ramuka biyu zagayayyu. A nan akwai 'yan uwa uku. Nau'in C shi ne ƙaramin mai siraran ƙafa biyu da ake gani a cajar wayar hannu, an yi shi ne don kayan da ba su wuce amfiya 2.5 ba. Nau'in E na Faransa ne, soket ɗinsa yana da ƙarfe ɗaya da ya fito waje wanda ke shiga ramin da ke jikin filogi. Nau'in F na Jamus ne, wanda ake kira Schuko, ƙarafan kariyarsa suna gefe biyu, kuma shi ake samu a Turkiyya, Masar, Rasha da Sifen. Yawancin filogin da ake ƙerawa yanzu an yi su su shiga E da F duka. Sudan tana amfani da C da kuma D.

Nau'in D shi ne tsohon tsarin Ingila mai ƙafa uku zagayayyu, wanda har yanzu ake gani a tsofaffin gidajen gwamnati a Najeriya, kuma shi ne na yau da kullum a Indiya. Babban wansa shi ne M, mai amfiya 15, wanda masu wayarin ke sa wa na'urar sanyaya ɗaki, kuma shi ne soket ɗin da ya fi yawa a Afirka ta Kudu. Mai zuwa asibiti a Indiya ko taro a Johannesburg ya kula da wannan, domin adaftar nan da ake cewa ta duk duniya sau da yawa ba ta da D, ba ta da M. Amurka da Kanada da Japan suna da A, mai ƙafa biyu masu faɗi, da B mai ƙarin ƙafa ta uku zagayayya. Ostareliya da Ajantina suna da I, mai ƙafa biyu a karkace. Sin, inda 'yan kasuwa ke sintiri zuwa Guangzhou, tana haɗa A da C da I, kuma soket ɗin otal yakan karɓi duka ukun. Italiya da Suwizalan da Denmak kowacce da nata, amma ƙaramin C yana shiga dukkansu. An yi yunƙurin samar da filogi ɗaya na duniya a 1986, sai dai ƙasashe kaɗan ne suka ɗauke shi, irin su Afirka ta Kudu, Barazil kuma ta ɗauki mai kama da shi. Kowane tsuntsu ya ci gaba da kukan gidansu.

Siffar soket ba ta faɗin bolt ɗin da ke bayansa. A Sin da Filifin da Tailan akwai soket mai kama da na Amurka sak, amma wutarsa 220 ce ko sama da haka. Abin da aka sayo a New York zai shiga ba tare da adafta ba, kuma zai ƙone ba tare da adafta ba.

Saboda haka aikin farko tun a gida ake yinsa, kafin a ɗaure jaka, kuma karatu ne kawai. Kowane abin wuta yana da rubutu a jikinsa: a gindin buta, a bayan talabijin, a jikin kan caja, ko a jikin akwatin da ke tsakiyar igiyar kwamfutar tafi-da-gidanka. Rubutun ƙanana ne, wani lokaci baƙi a kan baƙi, sai an haska fitila ko an ɗauki hoto an buɗa. Layin da ake nema shi ne wanda ya fara da INPUT, wato wutar da abin ke karɓa. Wanda ya fara da OUTPUT wutar da caja ke ba wayar hannu ce, ba ruwansa da bango. Idan an ga 100–240V da 50/60Hz, abin yana aiki a kowace ƙasa ta duniya, kuma adafta kaɗai yake buƙata. Idan an ga 220–240V kawai, na gida na farko ne. Idan an ga 110V ko 120V kawai, na Amurka ne, kuma haɗa shi da wutar Najeriya kai tsaye asara ce.

Dalilin da ya sa caja ke cin kowace wuta yana cikin ƙirarta. Wutar bango mai juyawa ce, tana kai da komowa sau 50 ko 60 a daƙiƙa. Caja ta zamani tana fara miƙar da ita, sannan ta yanyanka ta sau dubbai a daƙiƙa, tana auna abin da ke fita tana daidaita kanta. In wutar da ta shigo mai yawa ce sai ta ɗiba kaɗan, in kaɗan ce sai ta ɗiba da yawa. Cajar wayar hannu, ta kwamfuta, ta kamara, ta injin askin da ake caji, kusan dukkansu haka suke. Wannan ne ya sa mafi yawan matafiya a yau ba su da buƙatar kwanbata ko taransifoma, duk da cewa shagunan filin jirgi suna jera su a gaba. Amma kalmar kusan tana da muhimmanci. Gindin cajar burushin haƙori na lantarki, da wasu tsofaffin caja masu nauyi a hannu, sukan zama na bolt guda. Nauyin nan alama ce, domin ƙaramar taransifoma ce ta ƙarfe a ciki, kuma ita ba ta san daidaita kanta ba.

Akwai kayan da ke cin wuta biyu amma sai an juya musu maɓalli da hannu. Kwamfutar tebur ta da tana da jan maɓalli a baya, kusa da inda igiya ke shiga, an rubuta 115 a gefe ɗaya, 230 a ɗaya gefen. Wasu na'urorin busar da gashi na tafiya da ƙananan duwatsun guga suna da irinsa, wanda ake juyawa da bakin kwabo. Kwamfutar da ta zo daga Amurka da maɓallinta a kan 115, aka jona ta a Kaduna, ƙara ɗaya take yi sai hayaƙi. A juya maɓallin tun abin bai taɓa soket ba, kuma a tuna da mayar da shi in an dawo.

Kayan da suka fi wahala su ne masu zafi da masu inji. Buta, hita, dutsen guga, na'urar busar da gashi, kaskon turaren wuta na lantarki, duk waya ce ke yin ja a cikinsu, kuma zafin da take bayarwa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da bolt, ninkawa yake yi. In bolt ya ninka sau biyu, zafi ya ninka sau huɗu. Dutsen guga mai wat 1,000 da aka yi wa bolt 120, in aka ba shi 230, zai nemi fitar da kusan wat 3,700, abin da wayarsa ba za ta jure ba sai na 'yan daƙiƙoƙi. Akasin haka ba shi da haɗari sosai amma ba shi da amfani: buta mai wat 2,000 ta bolt 230, a kan wutar Amurka wat 540 da 'yan kai za ta bayar, ruwan da ke tafasa a minti huɗu sai ya ɗauki kusan rubu'in awa. Masu inji kuwa, irin su firiji da fanka da bilenda, ƙarancin wuta ma yana cutar da su, domin injin yakan kasa tashi ya tsaya yana gurnani yana zafi har ya ƙone.

Haz shi ne abin da ba adafta, ba kwanbata ta yau da kullum, ba taransifoma da ke canza shi. Kayan zafi ba su damu da shi ba, caja ma haka. Amma injin da gudunsa ke bin juyawar wuta yana jin bambancin. Agogon lantarki na haz 60, in aka kawo shi ƙasar haz 50, zai riƙa makara da minti goma a kowace awa. Na haz 50 kuma a ƙasar haz 60 zai riƙa gaba da minti goma sha biyu. Masu shagon aski sun san wannan da kilifa mai igiya: wadda aka yi wa Amurka, ko an haɗa ta da taransifoma, takan yi ƙara mai yawa ta yi zafi, askin kuma ba ya fita yadda ya kamata, saboda bakinta yana kaɗawa ne da juyawar wuta. Alhajin da zai sayo injin wanki ko na'urar sanyaya ɗaki daga Jidda ya duba wannan layin da kyau. Bolt ɗin zai dace da na gida, amma in an rubuta 60Hz kaɗai, injin zai yi gudu kashi biyar cikin shida na yadda aka ƙera shi, ya kuma fi yin zafi. Wanda aka rubuta 50/60Hz shi ne na tsaraba.

Idan karatu ya nuna cewa abu na bolt guda ne kuma ƙasar da za a je ta ɗaya gidan ce, zaɓi uku ne ya rage: kwanbata, taransifoma, ko barin abin a gida. Mutane sukan gwama sunayen biyun farko, har masu sayarwa ma, alhali aikinsu daban ne.

Kwanbata ta tafiya ƙarama ce, ba ta da nauyi, kuma akan rubuta mata babban adadi kamar wat 1,600 ko 2,000. Ba ta sauke bolt da gaske. Abin da take yi shi ne yanke wani ɓangare na kowace juyawar wuta, ta yadda zafin da zai fito ya yi daidai da na bolt 120. Wayar hita ba ta san bambanci ba, zafi kawai take gani. Amma duk abin da ke da allon lantarki a ciki yana ganin ƙololuwar wutar yadda take, kuma ita ce ke fasa shi. Don haka kwanbata ta dace da buta ko dutsen guga na gargajiya, na ɗan lokaci, minti goma ko ashirin, sannan a zare. Ba a haɗa ta da kwamfuta, talabijin, rediyo, caja ko injin ɗinki. Hatta na'urar miƙar da gashi ta zamani mai nuna lambar zafi a fuska ba ta shiga, domin tana da allo. Akwai wata sabuwar kwanbata mai fanka a ciki, mai ɗaukar kimanin wat 200, wadda aka yi wa ƙananan kaya. Ita kuma ba ta ɗaukar kayan zafi, kuma galibin abin da ake jona mata caja ce da ba ta buƙatarta tun farko.

Taransifoma ita ce mai aikin gaskiya. Ƙanwar wadda ke kan titi ce a unguwa: waya ce aka naɗa a jikin ƙarfe, yawan naɗin ne ke sauke wuta ko ya ɗaga ta, kuma wutar da ke fita sumul take kamar yadda ta shiga. Mai saukewa daga 230 zuwa 110 ita ce masu gyaran rediyo ke kira sitef-dawun, kuma duk wanda ya taɓa sayen kayan Amurka na hannu ya san ta. Mai ɗagawa daga 110 zuwa 230 ita ce mai zuwa Amurka da kayan gida yake buƙata. Da yawa suna yin aikin biyu, da maɓalli a baya da ake saitawa a kan wutar ƙasar da ake ciki. Wannan maɓallin ne ake fara dubawa, domin in an bar shi a kan 110 aka jona a wutar 230, fis zai tsinke, in kuma ba fis, taransifomar ce za ta tafi. Wasu sitabilaiza da ake sayarwa a kasuwannin Najeriya suna da soket na 110 a jiki, wanda ke yin aikin sitef-dawun ga ƙananan kaya, amma sitabilaizar da ba ta da shi ba ta sauke wuta zuwa 110, daidaita ta kawai take yi a kusa da 220.

Girman taransifoma da wat ake zaɓensa. In an rubuta wat a jikin abin, shi ke nan. In amfiya aka rubuta, wato lamba da harafin A, sai a ninka ta da bolt: abu mai bolt 120 da amfiya 2 yana cin wat 240. Ba a sayen mai 250 don wannan, domin taransifomar da ke aiki a iyakar ƙarfinta zafi take yi, kuma adadin da ake rubutawa a kan masu araha sau da yawa ya fi abin da za su iya ɗauka na dogon lokaci. Ninki biyu shi ne abin da ya fi kwanciyar hankali, wato mai 500. Kayan inji, musamman firiji, suna fizgar wuta ninki uku ko fiye a daƙiƙar da suke tashi, saboda haka su sai an ba su sarari fiye da haka. In abubuwa biyu ko uku za su hau taransifoma ɗaya, a tara wat ɗinsu duka kafin a ninka.

A nan ne lissafi ke nuna cewa zaɓi na uku ya fi. Ƙarfe da jan waya nauyi gare su. Taransifoma mai wat 500 ta kai kilo uku ko fiye, mai 3,000 da za ta ɗauki buta ko na'urar busar da gashi takan wuce kilo goma, alhali jakar da jirage da yawa ke yarda da ita kilo 23 ce. Kuɗinta kuma ya fi na sabuwar buta a inda za a je. Ɗalibin da zai tafi Kanada ya bar dutsen gugarsa ga ƙannensa ya sayi wani can. Taransifoma ta cancanci wahalarta ne ga abu mai tsada ko wanda ba a samun madadinsa: injin ɗinki, kayan kiɗa, na'urar gwaji, ko abin jinya. Mai tafiya da na'urar shaƙar magani ta masu asma ya karanta jikinta tun da sauran kwanaki, domin masu inji a cikinsu galibi na bolt guda ne.

Ita kanta adafta akwai mai kyau, akwai ta banza. Abu na farko da ake dubawa shi ne iyakar amfiyar da aka rubuta mata. Da yawa daga cikin na tafiya amfiya 6 ne ko 10. Mai amfiya 6 a wutar 230 tana ɗaukar kimanin wat 1,380, a wutar 120 kuma 720 kawai, saboda haka buta mai wat 2,000 ta fi ƙarfinta ko da bolt ya dace. Abu na biyu ƙafa ta uku. Ita ce wayar ƙasa, wadda ke kwashe wuta in ta zubo a jikin ƙarfen na'ura, ta sa fis ya tsinke maimakon wutar ta bi ta jikin mutum. Yawancin adaftocin duk duniya suna da ramin da ƙafa ta uku ke shiga, amma ba a haɗa shi da komai ba, wasu ma ƙafar roba ce. Abin da ke da alamar murabba'i a cikin murabba'i a jikinsa rufinsa biyu ne, ba ya buƙatar wayar ƙasa, kuma cajar wayar hannu a nan take. Abin da jikinsa ƙarfe ne kuma filoginsa ƙafa uku, kamar buta da dutsen guga, yana buƙatar adaftar da ke kai ƙafa ta uku har bango. Ga wanda ƙasa ɗaya zai je, adafta ta ƙasar kaɗai, dunƙulalliya marar sassa masu zamewa, ta fi ta duk duniya ƙarko da riƙo. Araha ba ta ado: wadda filogi ke rawa a cikinta tana tartsatsi a ɓoye, tartsatsin yana kawo zafi, zafin yana narkar da roba.

Akwai wata al'ada da ta zama jiki a gida, ta cusa marfin biro ko tsinken ashana a ramin sama na soket mai ƙafa uku don ƙyauren ya buɗe a tura filogi mai ƙafa biyu. Yana aiki, shi ya sa ake yi. Amma zagayayyar ƙafa tana buɗa ƙarafan da aka yi wa mai kusurwa, soket ɗin ya saki har abada. A Ingila kuma abin ya fi haka muni, domin layin soket na gida yakan ɗauki amfiya 32, kariyar siririyar igiya kuwa tana kan fis ɗin da ke cikin filogi, wanda mai ƙafa biyu ba shi da shi. Tsirarar waya da ake tura wa soket a danne da ashana ba ta ma cancanci a tsaya bayaninta ba.

Ga mai kaya da yawa, ko 'yan ɗaki huɗu a masaukin alhazai da soket biyu, dabarar da ta fi ita ce estenshan ɗaya mai kyau daga gida da adafta ɗaya a bakinsa. Duk caja sai su hau estenshan ɗin da filoginsu na asali. Sharaɗin shi ne kada a ɗora masa buta ko hita, kuma kada a jona estenshan a kan estenshan. Estenshan na Amurka mai kariyar tashin wuta ba a kawo shi ƙasar 230, domin abin kariyar da ke ciki yana ganin 230 a matsayin wutar da ta yi yawa, sai ya ƙone kansa nan take. Caja ɗaya mai ramukan USB uku ko huɗu ma tana rage kaya, musamman yanzu da USB-C ke cajin waya da kwamfuta duka, har Tarayyar Turai ta wajabta shi ga sababbin wayoyin hannu daga ƙarshen Disamba 2024. Ƙaramin soket ɗin da ake gani a banɗakin otal, mai hoton injin aski da lambobin 115 da 230, wat kusan ashirin kawai yake bayarwa, ba a sa masa na'urar busar da gashi.

In an isa masauki, tsarin haɗawa shi ne a kashe maɓallin soket in yana da shi, a sa filogi a adafta, a sa adaftar a bango, sannan a kunna. In da taransifoma, ita ake fara jonawa a kunna, sannan a haɗa mata na'ura tana kashe, sannan a kunna na'urar. A ajiye ta a kan tayil ko tebur inda iska ke ratsawa, ba kan katifa ko darduma ba, kuma ɗan gurnani da ɗumi a jikinta ba laifi ba ne. Bayan minti biyar a taɓa adaftar da bayan hannu. Ɗumi kaɗan daidai ne, zafin da hannu ba ya jurewa ko warin roba kuwa alamar a zare ne nan take. Soket ɗin Amurka ba shi da zurfi, kuma babbar caja a kan adafta takan rinjayo ƙasa har ƙarafa su bayyana, gajeren estenshan yana maganin wannan.

Fawa banki dokar jirgi ce ke tafiyar da shi. Batirin litiyam irin nasa ba ya shiga jakar da ake aunawa a tura ƙarƙashin jirgi, a jakar hannu yake tafiya. Iyakar girman batiri da ba ta buƙatar izini ita ce 100Wh. Daga nan zuwa 160Wh sai da yardar kamfanin jirgi, sama da haka kuma ba ya hawa. In mAh kaɗai aka rubuta, a ninka da 3.7 a raba da 1,000: mai 20,000mAh ya kama 74Wh, mai 27,000mAh yana dab da iyaka, mai 50,000mAh ya kai 185Wh, kuma a wurin bincike zai kwana. Wanda rubutun jikinsa ya goge ma ana iya karɓe shi. Wasu kamfanonin jirage sun hana amfani da shi a cikin jirgi ko da an yarda a shiga da shi.

Abin da aka sayo a waje don ya zauna a gida bai kamata ya ƙare rayuwarsa a kan adafta ba. In igiyarsa mai cirewa ce, kamar ta kwamfuta da talabijin da yawa, a sayi igiya mai filogin gida a musanya. In ba mai cirewa ba ce, kuma bolt ɗinsa ya dace, mai gyaran wuta ya yanke filogin ya sa na gida. A tsarin Turai da Ingila na yanzu, waya ruwan ƙasa ita ce mai wuta, shuɗiya ita ce ta komawa, mai kore da rawaya ita ce ta ƙasa. A tsohon tsarin Ingila, wanda ke cikin bangon gidaje da yawa a Najeriya, ja ce mai wuta, baƙa ta komawa. A tsarin Amurka kuwa baƙar ce mai wuta, fara ta komawa, koriya ta ƙasa, don haka wanda ya saba da tsohon tsari yana iya juya su bai sani ba. A filogin G, mai wuta tana zuwa gefen da fis yake. Fis mai amfiya 3 ake sa wa abin da bai wuce wat 700 ba, mai amfiya 13 kuma ga buta da dutsen guga da makamantansu. Abin da yake na bolt 120 ba a canza masa filogi zuwa na gida, a bar shi da nasa mai faɗi wanda ba ya shiga bango, a kuma manna masa takarda a igiya da aka rubuta 110 da manyan lambobi, saboda wanda zai zo ya jona shi mai gidan ba ya nan.